Birkin Ikrima da Furar Iya

Ranar da na fara ganin Ikrima, saura kaɗan ya taka ni da mota.

Kakata Haulatu, wadda muke kira Iya, ita ta aike ni sayo ƙosai a bakin titi. Mai ƙosai ta ƙunshe mini a yagaggiyar jarida. Ni kuwa duk takardar da ta shigo hannuna sai na ga ƙarshenta, don a aji huɗu makarantata ta tsaya, sauran karatun a ƙunshin ƙosai da tsofaffin littattafan yayyena na tsince shi. Ina tafe ina bin layin da mai ya ɓata, ban ji motsin komai ba, sai na ji wani abu ya taɓa gefen hijabina. Na waiga, ga farar mota a bayana, ba ƙara ba hayaƙi. Ƙosai ya watse a ƙasa.

Direban ya leƙo, hula a karkace.

"Malama, a yi haƙuri. Motar lantarki ce. Ba ta magana sai da dalili."

Shi kuwa ba ya jiran dalili. Nan take ya sanar da ni cewa motar ta maigidansa ce, Alhaji Lado, kuma duk Daura ba mai iya tuƙa ta sai shi, kuma ko waɗanda suka ƙera ta akwai abin da za su ƙaru da shi a wurinsa. A raina na ce, da ma mai tuƙin ya ɗauki halin motar. Amma ya fito ya sayo mini wani ƙosan, ya tsinci jaridar ya kakkaɓe ya miƙo mini, ya ce, "Na ga ba ki gama ba." Wannan ɗin ne ya hana ni manta shi.

Bayan mako guda ya yi sallama a zaurenmu da leda cike da littattafai. A cikinsu har da wani mai kauri na Turanci, da hoton motar a bango.

"Littafin motar ne," in ji shi. "Ni ba na bukatarsa, na haddace ta."

Sati uku na yi ina fama da shi, da ƙamus ɗin yayana a gefe. A nan na gane abin da Ikrima ya fi cika baki a kansa. In direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin da ke juya taya sai ya koma kamar janareto, tayar ce ke juya shi. Hakan ya rage wa motar gudu, ya kuma mayar da 'yar wuta cikin batir. Kamar mai tankaɗe ce in ta tattara garin da ya zube a tabarma: ana samun wani abu, amma ba ya kai abin da aka zuba a rariya.

A bakin Ikrima kuwa maganar ta zama, "Motar nan birki ne abincinta. In ta ji yunwa, tsayawa take ta ci."

Wata uku yana zuwa zance, Iya tana zaune a tsakar gida inda kunnenta ke kaiwa zaure. A gidanmu uba ba ya ba da 'yarsa, sai wansa, wato Baffa Audi na garin Babban Mutum. Shi kuma ba ya yanke komai sai abin da Iya ta kai masa. Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce Mai Shanu.

"Yaron nan yana da kirki," in ji ta wata rana, tana mulmula fura. "Amma bakinsa ya fi motarsa gudu. Haka kakanki yake. Wuni guda ya taɓa yawo da ni a kan jaki a dajin Zango don ya ƙi tambayar hanya. Na sha nawa, ba zan dama miki irinsa ba. Ranar da na ji yaron nan ya ce 'ban sani ba', ranar zan yi wa Mai Shanu maganarsa. In ban ji ba, ya nemi wata."

"Iya, in na gaya masa..."

"In kika gaya masa, na soke. Wadda aka koya wa mutum ba ta cikin lissafi."

Shiru dai sana'ata ce.

Ikrima da ya ga magana ba ta gaba, sai ya yanke cewa Iya ba ta ga gwanintarsa ba ne. Wata Laraba bayan la'asar ya tara unguwa a ƙofar gidanmu. Ya sa Kalilu mai shayi ya ja layi da toka a tsakiyar hanya.

"Zan taho a guje," in ji shi, "in tsaya a kan layin nan ba tare da ƙafata ta taɓa birki ba. Kalilu, shigo ka zauna ka sa ido a ƙafata, kai ne shaida."

"Ni da na bar ruwa a wuta?"

"Kafin ya tafasa mun gama."

Tun safe motar take jone da solar gidan Alhaji, batir ya cika maƙil, don kada a ji kunya. Iya ta fito da kujerarta. Ni ina leƙe ta bayan ƙyaure.

Motar ta taho shiru kamar kyanwa. Ikrima ya ɗaga ƙafa, ya ɗaga hannu ma yana gaida jama'a. Motar ta iso layi, ta wuce layi, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta bi ta kan tabarmar da maƙwabciyarmu Rahmatu ta shanya barkono. Kalilu ya fara salati. Sai da teburin shayi ya cika gilashi sannan Ikrima ya dira wa birki ƙafa, motar ta tsaya cak, hancinta na sumbatar tebur. Burodi ya gangaro ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar barkono ta tashi, unguwa duka ta kama atishawa.

Kalilu ya fito yana hawaye. "Jama'a, na shaida. Ya taka. Har ƙafata ya haɗa ya taka."

Rahmatu ta fito da muciya a hannu. "Kai ɗan nan, barkonon da na yi kwana huɗu ina tsaro daga kaji, ashe mota ce za ta daka mini shi?"

"Ai an rage miki aiki, Goggo," in ji Ikrima, ya yi atishawa. "Kuma kowa ya ga ta tsaya. Layin ne aka ja ba daidai ba."

"To," in ji Iya, ta ɗauki kujerarta ta shige.

Da ya zo zance, hancinsa ja wur, na tattara ƙarfin hali na ce, "Littafin ya ce in batir ya cika, ba inda za a zuba wutar, sai wannan birkin ya yi sanyi. Shi ya sa..."

Ya buga cinya. "Abin da nake shirin faɗa ke nan! Ƙoshi ne ya yi mata yawa. Ƙosasshe ai ba ya aiki. Adawiyya, kanmu ɗaya."

Sauran maganar tana bakina: cewa shi ya sa aka bar birkin ƙafa, kuma taka shi ba abin kunya ba ne, kuma abin da motar ke mayarwa ba ya kai abin da ta ci. Amma ya ce kanmu ɗaya, kuma yadda ya faɗa ya yi mini daɗi. Na haɗiye sauran.

Ana haka Iya ta ce za ta Babban Mutum duba Mai Shanu. Ikrima ya ce ai ba ta shiga motar haya yana raye. Ya nemi izinin Alhaji aka ba shi. Iya ta yarda da sauri har na tsorata.

"Bari Mai Shanu ya gan shi da idonsa," in ji ta. "Ya hutar da bakina."

Da hantsi muka tashi. Iya ta ce ita gaba za ta zauna, ta rungume ƙwaryar fura da ta dama da hannunta, an rufe da faifai, don Baffa ya ce duk duniya ba furar da ta kai ta uwarsa. Ni ina baya. Na leƙa allon da ke gaban sitiyari, na duba cajin batir. Kashi ashirin.

"Ba a yi mata caji ba?" na tambaya a hankali.

"Da gangan. Da yunwa zan tafi da ita, ta ci a hanya. Kafin mu kai Baure ta cika. Kyauta, Iya. Ba fetur, ba wuta, birki kawai."

Ya danna wani abu ya kai ƙarfin birkin matakin ƙarshe. Muna fita gari ya fara aikinsa: ya taka totur motar ta zabura, ya ɗage ƙafa gaba ɗaya motar ta dafe. Kanmu ya yi gaba, ya dawo. Ya sake takawa. Ya sake ɗagewa. Haka muka riƙa tafiya mu uku muna rusunawa tare kamar ƙadangaru a kan katanga.

Mutanen bakin hanya suka ga farar mota ba ƙara, da tsohuwa a gaba tana ta sunkuyar musu da kai. Wasu dattawa a gindin bedi suka miƙe suna jinjina. Wani mai keke ya sauka ya cire hula.

"Kin gani, Iya? Motar nan girma take jawowa."

"Wuyana take jawowa. Kai ɗan nan, tuƙi kake ko tatsar saniya?"

"Kiwo take, Iya."

A Zango goron da ke bakin Iya ya yi tsalle ya faɗa kan allon. Da na miƙa hannu na ɗauke, na ga sha uku.

"Tana raguwa," na ce.

"Tana taunawa ne tukuna. Ba ta haɗiye ba."

Ya ƙara wa abin wuta. Yanzu sai ya kai ta gudu sosai kafin ya ɗage, wai don lomar ta yi girma. A loma ta uku faifai ya tashi. Furar Iya ta bar ƙwarya gaba ɗaya, rabi a gilashi, rabi a jikin mai ita. Ikrima ya kunna abin share gilashi, abin ya yi ta kai da kawo a waje, fura kuwa tana ciki.

Iya ta sa yatsa ta lakato daga gilashin ta ɗanɗana. "Sukari ya ji," in ji ta. "Allah bai yi Mai Shanu zai sha ba."

Bayan Baure allon ya nuna biyar. Ikrima ya fara waige-waige, gumi na bin wuyan rigarsa.

"Gangare nake nema. In muka samu gangare mai kyau, yanzu za ta cika."

"A ƙasar Daura?" in ji Iya. "Shekarata saba'in da wani abu, gangare ɗaya na sani, na cikin rijiyar Kusugu. In kai ka?"

Can sai wani ɗan hoto ya fito a allon, rawaya. Iya ta matso da fuska.

"Wannan ba kunkuru ba ne?"

"Alama ce ta... ta natsuwa."

"Ko motar ta san wanda ke tuƙa ta."

Gudunmu ya koma na kunkurun. Wata mata da itace a ka ta wuce mu, ta yi mana sannu. Daidai bakin kasuwar Babban Mutum, ranar kuma kasuwa na ci, motar ta yi ajiyar zuciya ta tsaya.

Kafin ka ce kwabo an kewaye mu. Mai sayar da fetur a kwalba ya iso da gudu, ya zagaya motar sau biyu yana neman inda ake zubawa. Wani bakanike mai suna Jafaru ya ce a buɗe masa gaba. Aka buɗe. Ya leƙa, ya ja da baya yana riƙe da kai.

"Innalillahi! Malam, an sace maka inji!"

"Ba a sace komai ba," in ji Ikrima, yana share fura daga gira. "Hutawa take. Irin waɗannan motocin suna da lokacin ƙailula."

Labari ya kai gida cewa ga tsohuwar Audi can a mota an yi mata wanka da fura. Baffa Audi ya iso da kansa, dogo, da rawani, yana jan bijimansa biyu na noma, waɗanda duk yankin ake zancensu. Ya durƙusa ya gaida Iya. Ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta ce da iska, "A ce wa Mai Shanu ga furarsa nan a gilashi, in yana so ya lasa."

Baffa ya dubi Ikrima daga hula har takalmi. "Kai ne direban?"

"Ni ne, Baffa. Ikrima. Ƙaramar matsala ce, na riga na gano ta."

"To madalla. Mu ja ta gida."

Aka ɗaura igiya. Ikrima ya koma mazauninsa, ya bar motar yadda take, birkin nan yana matakin ƙarshe. Baffa ya yi wa shanu tsawa. Suka sunkuya, igiya ta miƙe, motar ta motsa kamar an ɗora mata buhu hamsin. Suka ja, suka ja, kumfa na fita a bakinsu. Ba su yi taku talatin ba na dama ya tsaya yana haki, na hagu ya durƙusa.

Ikrima ya leƙo da murna. "Kun gani! Ta tashi daga sifili zuwa ɗaya! Tana ci! Na ce muku tana ci!"

"Me take ci?" in ji Baffa.

"Birki! Baffa, a ƙara musu bulala, shanun ne ba su da ƙwari."

Ko mai fetur ya ja baya. A Babban Mutum gara ka zagi rawanin Baffa Audi da ka zagi shanunsa. Na ce shi ke nan, wata uku na zance da ledar littattafai sun bi furar Iya.

Baffa ya saki igiya. Ya tako a hankali har bakin tagar motar.

"Shanun nan sun fitar da babbar motar gero daga yashi bara. Yau kwalin nan ya durƙusar da su. Akwai abin da ke riƙe ta. Ka ce ka gano matsalar. Gaya mini, gaban mutanen nan, mene ne?"

Ikrima ya buɗe baki. "Ai wannan, Baffa, a ilimin lantarki..." Ya dubi bijimin da ke durƙushe yana numfashi da ƙyar. Ya dubi Iya, fura ta bushe a mayafinta, tana matsa wuyanta da hannu. Ya dubi ni. Sai na ga hular nan da kullum take a karkace ya cire ta ya riƙe.

"Baffa, ban sani ba."

"Ban ji ba," in ji Iya. "Kunnen tsufa."

"Ban sani ba, Iya! Wallahi ban sani ba. Ban taɓa buɗe littafin ba. Adawiyya ce ta karanta."

Ido ɗari ya juyo kaina. Ban taɓa magana gaban maza uku ba, balle kasuwa. Muryata ta fito kamar ta sauro.

"Baffa, ƙarfin shanunka take sha. In ana jan ta a haka, tayar tana juya injin, injin yana tura wuta a batir, shi ne nauyin. Ba ta ƙirƙirar komai, sai abin da aka ba ta. A fitar da ita daga giya. Kuma a ja ta sannu, ba nisa, littafin ya hana."

Ikrima ya ce, "Wanne zan danna?" Na nuna masa. Baffa ya shafa wuyan bijiminsa, ya yi masa magana a kunne, ya tashi. Suka ja motar kamar amalanke ba kaya. Kasuwa ta ɗauki shewa. Jafaru bakanike yana biye yana cewa shi har yanzu bai yarda ba a sace injin ba.

A janareton mai niƙan unguwar aka jona ta, ta kwana tana sha. Ikrima ya wuni yana ɗebo wa shanu ruwa da harawa ba wanda ya sa shi, ya kuma wanke mayafin Iya da hannunsa.

Da safe Baffa ya fito da ƙwarya cike da nono har baki, ba faifai. Ya ɗora wa Iya a cinya.

"In ya isa Daura bai zube ba," ya ce wa Ikrima, "ka turo manyanka."

Na duba allon, kashi saba'in, akwai wurin zuba wuta. Na ce ya mayar da birkin mataki na ƙasa. Ya riƙa ɗaga ƙafa tun daga nesa, kaɗan-kaɗan, kamar mai sauke jariri. In akuya ta gitta, ya taka na ƙafa, don aikinsa ke nan. Duk hanya ba abin da nake ji sai, "Yanzu fa, Adawiyya?" Motar ta riƙa tafiya kamar kwalekwale a ruwan sanyi. Kafin Zango Iya ta yi barci, baki buɗe, nono na kallon sama ko rawa ba ya yi. Dattawan gindin bedi suka miƙe za su jinjina, ba wanda ya rusuna musu, suka koma suka zauna.

Muka tsaya a ƙofar gida, daidai inda ragowar tokar Kalilu take. Kalilu ya janye teburinsa tukuna, sannan ya matso. Rahmatu ta leƙo. Suka ga ƙwarya cike, ko ɗigo babu a zanen Iya.

"Ikon Allah! Ikrima, yaya aka yi?"

Hula ta koma gefe. Ƙirji ya fito. "Ai ka san ni, Kalilu, tun da na..."

Iya ta yi gyaran murya, idonta a rufe.

"...na tambaya," in ji Ikrima.

Iya ta buɗe ido ɗaya ta dube ni. "Ke kuma, bebiya. Kin ga dai ciwon bai warke ba, sauƙi ya yi. Rabin furata ke kika zubar, da kika san magana kika haɗiye. Za ki iya da shi, ko mu mayar wa Mai Shanu nononsa?"

Kalilu na tsaye, Rahmatu na tsaye, unguwa na taruwa. Na fito daga motar.

"Ikrima, ka turo. Na yarda. Kuma..."

"Alhamdulillahi! Abin da nake shirin..."

"Ban gama ba."

Ya rufe baki da hannu biyu.

"Kuma na yi alkawari gaban Iya da mutanen nan: daga yau, in na fara maka magana, sai na kai ƙarshenta."